Ƙiba A Ƙasar Binuwai: Daga Zangon Fatake Zuwa Tabarmar Mai Magani

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Ngong ya san masu tallar magani, daga masu yawo da tire a ka har masu baza hajarsu a tabarma gindin darbejiya. Wata rana na tsaya gaban ɗaya daga cikinsu ina jiran abokin tafiya, sai idona ya faɗa kan kwalaye biyu da ya jera kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya na ɗauke da hoton mace cikakkiya, maganin ƙara ƙiba ke nan. Ɗayan ganyen shayi ne, da hoton wata siririya ta naɗe ƙugunta da awon tela. Na ce da shi wanne ya fi tafiya. Ya yi dariya ya ce, "Malam, 'yan mata su ɗauki wannan, iyayensu mata su ɗauki wancan. Ni kowa nawa ne."

Maganar ta zauna mini a rai. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, 'ya na biyan kuɗi ta kumbura, uwa na biyan kuɗi ta saɓe. Kakar wannan uwa kuwa, da za a ce mata akwai ranar da mutum zai sayi rama da kuɗinsa, cewa za ta yi a kai mai maganar wajen masu ruƙiyya. Yadda muka taso daga can muka iso nan tarihi ne, kuma tarihinmu ne mu Hausawan wannan yanki.

Kakanninmu fatauci ne ya kawo yawancinsu. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu a farkon ƙarni na 19, ya zauna a Yola a 1841, lamidan Fulani kuma suka kafu a Garwa, Rai Buba, Ngaundere, Tibati da Banyo, sai hanya ta buɗe. Ayari ya riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Zariya da rinannun tufafi da kanwa da kayan koli, ya koma da hauren giwa da goron tsaunukan Bamenda. Ya koma da bayi ma, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Jamusawan da suka ratsa Garwa a 1893 sun tarar da cinikin nesa a hannun Hausawa da Barebari.

To a dubi jikin mutumin da ya yi wannan tafiya. Watanni yake yi a ƙasa, daga zango zuwa zango, a bayan jaki ko da kaya a kansa, irin kayan da yau sai an tsayar wa mashin. Guzurinsa gumba ce da ƙuli-ƙuli, in an yi sa'a da ɗan kilishi, sai abin da aka samu a zango. Matar da ya bari a gida, ko wadda ya aura a nan, tun asuba take kan turmi: sussuka, surfe, daka, niƙa a dutse, jan ruwa, ga goyo a baya. Zaƙi sai na zuma ko mazarƙwaila, shi ma ba kullum ba. Mai kuwa, man gyaɗa ne da aka matsa da hannu ko man shanu da aka saya wajen 'yar Fulani, ana ɗiga shi a miya da lissafi. A irin wannan rayuwa kitse ba shi da wurin zama.

Saboda haka wanda ya yi ƙiba a lokacin, jikinsa na ba da labari ne kafin ya buɗe baki. Madugun da ya ajiye sanda ya koma aika yara, fatoman da baƙi ke sauka gidansa, matan fada da ke da masu yi musu daka, su ne masu jiki. Harshenmu ya adana wannan har gobe. Mukan ce wane ya murje, hutu ya zauna masa, wance ta yi ɓulɓul, aure ya karɓe ta. Babu zagi ko ɗaya a ciki. Amma a saurari ɗaya ɓangaren: ya rame, ya ƙanjame, ya zama sillen kara, ya koma kamar kazar mayu. Amarya in ta yi wata uku a ɗaki ba ta ƙara kumari ba, gwaggwanninta za su fara tambaya a kaikaice ko mijin na cefane. Maijego kuwa kwana arba'in ake yi ana ɗura mata kunun kanwa da gasasshen nama, don ta fito a ga an kula da ita. Ba mu kaɗai ba ne. Larabawan Azawak a Nijar da mutanen Muritaniya sun kai abin har ga ɗura wa 'yan mata madara da fura dole kafin aure, Ifik na Kalaba kuma suna da ɗakin kiwon amarya. Namu bai kai can ba, amma ido ɗaya ne muke kallo da shi.

Ni ban ga laifin kakanninmu a wannan ba. Mutanen da suka ji labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, daga bakin waɗanda suka tsira daga cikinta, suka kuma ga farin 1973 da na 1984 da idonsu, sun san cewa ɗan kitsen da ke jikin yaro shi ne rumbunsa na ƙarshe. Maƙwabtanmu da yawa a Ngong, waɗanda suka gangaro daga duwatsun Mandara da ƙasar Tupuri tun shekarun 1970 neman gona, su ma ƙarancin ƙasa da na abinci ne ya taso su. Da aka shiga shekarun 1990 kuma sai ga cutar da Bahaushe ya raɗa wa suna daga ramar da take sawa, wato ƙanjamau. Wannan ya ƙara wa ƙiba daraja ta wata fuskar. Duk wanda ya zube a lokacin, ko zazzaɓi ne ya kayar da shi, sai an bi shi da kallo an yi ƙus-ƙus. Na san matan da suka fara shan maganin ƙiba a shekarun nan don kawai su rufe bakin unguwa.

Ana cikin haka ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarmu ta sauya, ba mu lura ba. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, manyan motoci suka ɗauka daga can suka biyo titin da ya ratsa tsakiyar Ngong zuwa Garwa, tashar jiragen ruwan Binuwai da a da sai da damina take aiki ta ja baya. A shekarar nan ta 1974 aka kafa SODECOTON a kan gadon kamfanin Faransa na CFDT. Ita ta kawo masana'antar gurzar auduga nan Ngong, ta kawo matatar mai a Garwa da Marwa, man angurya na Diamaor ya shiga kowane madafi da gwangwani da jarka. Ita ce kuma ta ƙarfafa noman masara da taki a gonakin da ake juyawa da auduga, har masara ta ture dawa a tukwane da yawa. Sukarin SOSUCAM ya hauro daga Mbanjok, shinkafar SEMRY ta gangaro daga Yagwa, daga baya ta ƙasashen Asiya ta cika kasuwa. An gama madatsar Lagdo a 1982, wuta ta samu, injin niƙa ya yawaita, firiji ya zo da lemon kwalba mai sanyi. Daga ƙarshe mashin ɗin haya ya zo ya ɗauke ɗan tattakin da ya rage. Yau mutum daga gida zuwa masallacin Juma'a sai ya ɗaga hannu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan rahama ne, kuma duk wanda ya ce a mayar da mata kan dutsen niƙa bai taɓa niƙa mudu guda ba. Sai dai mu Hausawa abin ya fi samunmu da wuri, saboda irin sana'o'inmu. Mu ne mahauta, mu ne masu tsiren da duk Kamaru ke kira soya, tun daga Garwa har unguwar Birketiri a Yawunde da Nubel a Duwala. Mu ne teloli, masu shago, dillalan hatsi da na shanu. Sana'o'in zama ne kusan dukkansu. Jikan falke yanzu yini yake a kan benci, butar shayi na tafasa a gefensa sau uku, kowane zagaye da sukarin da kakansa bai sha ba a wata guda. Matarsa na cikin gida, tsakar gidan taku ashirin, injin ya karɓe turmi, famfo ko mai kura ya karɓe guga, abincin kuwa ya ƙara maiƙo. Aikin da ke ƙone abincin ya tafi, idon da ke yaba ƙiba yana nan daram.

Likitocin ƙasar nan sun hango abin tun da wuri. Farfesa Jean Claude Mbanya na Jami'ar Yawunde, wanda ya shugabanci ƙungiyar ciwon sukari ta duniya daga 2009 zuwa 2012, da abokan aikinsa irin su Eugène Sobngwi, sun kwatanta mutanen birni da na ƙauye tun shekarun 1990, suka nuna yadda ƙiba da hawan jini da ciwon sukari ke ƙaruwa inda motsa jiki ya ragu. A 2003 an auna manya fiye da 10,000 a birane huɗu: Yawunde, Duwala, Bamenda da Garwa. Kusan rabin matan nauyinsu ya haura ƙa'ida, kusan mace ɗaya cikin biyar kuma ta kai matakin da likita ke kira cuta. Wannan fiye da shekara ashirin ke nan. Abin da ya fi ɗaure kai a arewa shi ne, a nan ne kuma tamowar yara ta fi yawa, har akan samu uwa mai teɓa da yaro mai tamowa a ɗaki ɗaya. Tuwon masara da mai da sukari na cika ciki su tara kitse, ba sa gina yaro.

Yanzu mu koma tabarmar mai magani. Kwalin farko, wanda a Kano ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, galibi ɗayan abu biyu ne ko haɗinsu. Akwai siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki ya sa barci. Akwai deksametazon, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa da awo don asma da kumburi. Shi wannan na biyun ƙibar da yake sawa ta ƙarya ce: fuska ta yi faɗi kamar faifai, kitse ya taru a ciki da doron wuya, ƙafafu su sirance, fata ta tsattsage. A ciki kuma yana ta da sukari, ya ta da jini, ya rarake ƙashi, ya raunana garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kuma ba a yanke mata shi rana ɗaya, don jikinta ya daina sarrafa nasa, yankewar na iya kayar da ita. Sai likita ya riƙa rage mata sannu a hankali. Da yawa cikin iyaye matan da ke sayen kwali na biyu yau, su ne 'yan matan da suka sayi na farko shekara ashirin da suka wuce.

Kwali na biyu shi ma yana da tarihi, kuma Turai da Amurka sun riga mu biyan kuɗin makarantarsa da rayuka. A yaƙin duniya na farko an lura ma'aikatan masana'antun albarushi a Faransa na ramewa saboda wani sinadari mai suna DNP. A 1933 likitoci a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada shi a matsayin maganin ƙiba, ya kuwa yi aiki, mutane wajen 100,000 suka ruga. Yadda yake aiki shi ne ya sa jiki ya ƙone abinci ya zama zafi zalla. Wasu suka yi yanar ido, wasu zazzaɓin ya dafa su har lahira. Aka hana shi a 1938. Bayansa aka yi zamanin amfetamin, 'yan'uwan ƙwayoyin da direbobin dare ke sha, masu kashe yunwa su bar mutum da jaraba da bugun zuciya. A 1997 likitocin asibitin Mayo suka ba da rahoton mata 24 da 'yan ƙyauren da ke cikin zuciyarsu suka lalace bayan shan haɗin da ake kira fen-fen, a watan Satumba na shekarar aka janye shi.

Wanda ya fi kamata mu riƙe, mu da farmasinmu ke cike da magungunan Faransa, shi ne Mediator na kamfanin Servier. An sa shi kasuwa a 1976 da sunan taimakon masu ciwon sukari, amma likitoci suka riƙa rubuta shi ga masu son rage jiki. Ɗan gidan su fen-fen ne, illarsu ɗaya, amma ya ci gaba da zama a kanta shekara 12 bayan an kori ɗan'uwansa. Mutum wajen miliyan 5 suka sha. Wata likitar huhu ce a garin Brest, Irène Frachon, ta riƙa tattara takardun marasa lafiyarta ɗaya bayan ɗaya, ta nace, har aka janye shi a Nuwamba 2009. Ƙiyasin mafi ƙanƙanta ya ce ya kashe mutum 500, wasu suka kai lissafin kusan 2,000. A Maris 2021 kotu a Faris ta kama kamfanin da laifin yaudara da kisa ba da niyya ba. Wannan magani ne mai rajista, a ƙasar da ke da hukuma da ɗakunan gwaji, ya yi shekara 33 yana ɓarna. Ina ga kwalin da ya kwana a rana kan tabarma, ba sunan wanda ya haɗa shi?

Na san amsar da ake bayarwa: ai wannan na ganye ne. A farkon shekarun 1990 wani asibitin rage ƙiba a Burasal ta Beljiyam ya ba mata haɗin saiwoyi daga Sin, aka yi kuskure aka sa wata saiwa mai guba a madadin wata. Mata wajen 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma kan injin wankin ƙoda ko dashe, wasunsu daga baya aka same su da ciwon daji a mafitsara da hanyoyinta. Tunya ma ganye ce, haka zaƙami. Ban da wannan, hukumomin magani a ƙasashe da dama sun sha gwada shayi da kofi na rage ƙiba su tarar an ɓoye sibutramin a ciki, maganin da aka janye a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Waɗanda ba su da shi kuwa yawanci filasko ne ko mai sa fitsari. Mutum ya yi kwana uku yana zarya bayan gida, sikeli ya nuna ya ragu, alhali ruwa ne ya fita, kitsen na nan, ƙoda ta sha wuya a zafin Garwa na watan Afrilu.

Ba a ce duk maganin ƙiba yaudara ba ne. Akwai tiyatar rage tumbi ga wanda nauyinsa ya kai ga halaka, tana sauƙaƙa ciwon sukari ƙwarai, amma mai ita zai rayu yana shan ƙarin sinadaran jiki ana bibiyarsa. Akwai kuma sababbin allurai na semaglutaid, masu sunan Ozempic da Wegovy, da ake yi sau ɗaya a mako. A gwajin da aka buga a 2021 masu yin ta sun sauke kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68. Tana sa tashin zuciya da amai, wani lokaci tsakuwar maɗaciya, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke cikin shekara guda. Ga tsada, ga buƙatar firiji a garin da wuta ke ɗaukewa duk lokacin da ruwan Lagdo ya ja baya. A Yuni 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da aka kama a wasu ƙasashe. Wanda aka yi wa tallarta a WhatsApp ya tuna da wannan.

Abin da ya ba ni mamaki da na bi wannan tarihi shi ne ƙanƙantar abin da lafiya ke nema. A wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2002, an ɗauki mutum 3,234 da sukarinsu ke bakin gaɓa. Aka nemi kashi ɗaya su sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su yi tafiyar sauri minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon sukari a cikinsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, ta ɗara ta waɗanda aka ba ƙwayar metfomin, da suka samu 31. Finlan ta samu irin wannan sakamako a 2001. Ga mace mai kilo 90, maganar kilo 6 ake yi, a sauke shi rabin kilo a mako, ba a nemi ta koma budurwa ba. Minti 150 a mako kuwa, falken da ya taso daga Yola kan cinye shi tun kafin hantsi ya dubi ludayi. A Birtaniya kuma, gwajin 2017 ya nuna kusan rabin masu sabon ciwon sukari da aka sa a shirin rage nauyi sosai ƙarƙashin kulawar likita sukarinsu ya daidaita ba magani bayan shekara guda. Wannan ba abin da mutum zai yi shi kaɗai ba ne, musamman mai shan maganin sukari ko na hawan jini, domin awon maganin ma sai an sauya.

Kayan aikin duk suna kasuwar nan tamu. Dawa da gero da masakwa da ba a surfe su sun yi fari fat ba, wake, gyaɗa da awo, kifin Lagdo, yakuwa da tafasa da zogale da kuka, waɗanda maƙwabtanmu Fulani da sauran ƙabilu ba su taɓa raina su ba. Abin ragewa sananne ne: sukarin shayi da na kunu, lemon kwalba, fanke da soye-soyen safe, man da ke iyo a kan miya, da malmala ta biyu. Wuyar tana wajen mutane. Matar da ta fara sauka za a tambaye ta ko lafiya, za a tambayi mijin ko an yi faɗa. Matar da ke son tattaki da yamma sai maigida ya yarda, in ya raka ta ma ya fi, don tumbinsa ba ƙarami ba ne. Malamanmu sun daɗe suna karantar da raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, sai dai an fi jin wa'azin a watan azumi, watan da wasunmu ke fita sun fi yadda suka shiga nauyi.

A yi hattara da abu guda. Ramar da ta zo ba a neme ta ba, tare da ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ko tari da zufa, ba abin murna ba ce, ta asibiti ce, a je a gwada sukari da sauran abin da likita ya gani.

A Ngong muna auna auduga da sikeli, muna auna masara da buhu da kwano, dillali na duban sa ya faɗi kuɗinsa, amma da wuya ka samu gidan da mutum ya san nauyin kansa. Wanda ba shi da sikeli ya samu igiya, ya auna tsawonsa daga tafin ƙafa zuwa ƙoƙon kai, ya yanke, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita daidai saman cibiya kaɗan. Likitoci sun ce faɗin ƙugu kada ya kai rabin tsawo. Ni na gwada a ɗaki bayan na rufe ƙofa, bakin igiyar biyu suka ƙi haɗuwa, saura kamar yatsa huɗu.